Majiyyacin da bai amsa gayyata ba bai ce ba ya so ba

Duk shekara idan hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta fitar da sakamakon asibitocin unguwa, gardama ɗaya ce ke tashi. Wani ya nuna asibiti ya ce ga waɗanda suka iya aiki, sun cinye kusan dukkan makin hawan jini da na ciwon suga, makin da ake biyan asibiti kuɗi da su. Wani ya tari numfashinsa ya ce ina iya aikin yake, ai majiyyatan da suka gagare su suka zare daga lissafi. A watse a haka, baɗi a sake.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ɓangarorin biyu suna magana kamar mutanen da ake zarewa duk iri ɗaya ne. Akwai tsohuwar da ƙarin ƙwaya ɗaya zai iya kayar da ita a banɗaki. Akwai magidancin da aka zauna da shi, aka yi masa bayani, ya ce ya ji ya gode amma ba zai sha ba. Akwai kuma wanda aka tura wa saƙon tes sau biyu, ba a ji ɗuriyarsa ba, kwamfuta ta fitar da shi daga lissafi.

Ra'ayina shi ne ƙofar togaciya, wato damar cire majiyyaci daga lissafi, dole ce, kuma mai neman a toshe ta bai hango abin da zai biyo baya ba. Cire tsohuwar nan da magidancin nan likitanci ne mai kyau. Na ukun ne ya dame ni. Shirunsa ake rubutawa kamar amsa, alhali shi ne ya fi kowa buƙatar a neme shi.

Yadda lissafin yake

A watan Afrilun 2004 aka shigo da tsarin da ake kira QOF, mai biyan asibiti kuɗi gwargwadon makin da ya ci a kula da majiyyata, cikin sabuwar kwantiragin likitocin unguwa a Birtaniya. An fara da ma'aunai 146 da maki 1,050, kuma kuɗin ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da asibiti ke samu. An sha rage shi tun daga lokacin, amma ƙashin bayansa bai canza ba.

Kowane asibiti yana da rajistar masu cuta kaza: hawan jini, ciwon suga, asma, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, taɓin hankali mai tsanani da sauransu. Kowane ma'auni tambaya ce guda: cikin waɗanda abin ya shafa, kashi nawa aka yi wa abin da ya kamata? Akwai matakin ƙasa da sai an wuce shi maki ke fara shigowa, akwai matakin sama da in an kai shi an cinye makin. Shekarar lissafi tana ƙarewa ranar 31 ga Maris, sai a zuƙo alƙaluman kai tsaye daga kwamfutar asibitin.

Togaciya kuwa ita ce damar cire mutum daga adadin da ake rabawa da shi, in akwai dalilin da doka ta amince da shi. Yana nan cikin rajistar cutar, ba a goge sunansa ba, amma ba a ƙirga shi a wannan ma'aunin. Akwai wata ƙa'ida da masu zargi kan manta: in an sa wa mutum lambar togaciya, sannan daga baya ya cimma abin da ake nema, ana ƙirga shi cikin waɗanda suka yi nasara. Ke nan togaciya ba ta aiki sai a kan wanda bai kai ba.

Bari mu buga misali da ma'aunin hawan jini na 'yan ƙasa da shekara 80, wanda ke neman awon ƙarshe ya zama 140/90 ko ƙasa. An yi shekaru matakansa suna 40 da 77 cikin ɗari, makinsa 14. A ɗauka asibiti yana da mutum 200 a wannan rukuni, 140 jininsu ya sauka. Kashi 70 ke nan, wanda zai ba shi maki 11 da ɗan ɗoriya.

Hanya biyu gare shi zuwa 77. Ko ya sauko da jinin ƙarin mutum 14, ya zama 154 cikin 200. Ko ya cire mutum 19 daga cikin 60 ɗin da suka rage, ya zama 140 cikin 181. Makin da zai samu ɗaya ne. Hanyar farko tana cin ganin nas, gwajin jini, canjin magani, dawowa bayan mako huɗu a sake awo, wataƙila a sake canji. Ta biyu aikin yamma ɗaya ce a gaban kwamfuta.

Akwai wani abu a lissafin nan da ban cika jin ana faɗa ba. Darajar cire mutum ɗaya tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda asibiti ya yi sama. In kana kan kashi 50, cire mutum ɗaya yana ɗaga ka rabin abin da yi masa magani zai ɗaga ka. In kana kan 90, kusan daidai suke. Saboda haka duk lokacin da hukuma ta ɗaga matakin sama don ta matsa wa likitoci su ƙara himma, ta ƙara wa togaciya kwarjini ne ba tare da ta yi niyya ba. Sauran mutanen da suka rage a sama su ne mafi wuyar sha'ani, ƙofar kuma a lokacin ta fi riba.

A ƙananan rajistoci abin ya fi tsanani. In masu taɓin hankali mai tsanani 40 ne a asibiti, kowane mutum ɗaya kashi biyu da rabi ne. Mutum uku kawai sun isa su raba asibiti da cikakken maki.

"To a rufe ƙofar mana"

Wannan ita ce amsar da ta fi saurin zuwa baki. In ƙofar tana jawo ha'inci, a ƙirga kowa, a huta.

Ɗauki tsohuwa mai shekara 88, mai ciwon suga da hawan jini, ƙodarta ta yi rauni, tana tafiya da sanda. Awonta a zaune ya haura 150, amma da ta miƙe sai ya faɗi da fiye da 20, jiri ya kwashe ta. Tana kan magungunan jini uku. Amlodipine ya kumbura mata sawu. Mataki na gaba a littafi shi ne spironolactone, amma ba a ba da shi in sinadarin fotasiyam a jini ya wuce 4.5, nata kuma ya wuce. Likitan da ya ƙara mata ƙwaya don lamba ta yi kyau, karayar ƙugu yake sayo mata. Haka in ya ƙara mata gliclazide ko insulin don gwajin suga na HbA1c ya sauko, suga zai iya faɗuwa mata cikin dare ba kowa a kusa.

Mai ciwon dajin da ya rage masa 'yan watanni fa? Kiransa a auna masa kitsen jini ko a duba tafin ƙafarsa wahalar da shi ne kawai. Ga wadda maganin ke tayar mata da borin jini. Ga wanda ya yi rajista da asibitin a watan Fabrairu jininsa a sama, ba yadda za a yi a daidaita shi kafin ƙarshen Maris. Shi ya sa tun farko aka ba sababbi wata uku kafin a ƙirga su a ma'aunan awo, wata tara a ma'aunan sakamako.

In aka ce duk waɗannan a ƙirga su, likita ba zai rasa mafita ba, sai dai mafitar ta fi muni. Zai iya jan ƙafa wajen shigar da mutum rajistar cuta tun farko, musamman wanda ya ga alamar zai yi wuyar bi. Wanda ba ya cikin rajista kuwa ba mai kiransa, ba mai ganinsa a kowane rahoto. Ko asibiti ya fara sanyin jiki wajen karɓar marasa matsuguni da mazauna gidan kula da tsofaffi. Wanda aka togace aƙalla sunansa na nan, dalilin na rubuce, mai bincike zai iya buɗe fayil ya tambaya.

Ba ma sai mun yi hasashe ba, an gwada. A 2021 aka shigar da rigakafin yara cikin QOF, aka ƙuntata togaciya ƙwarai: ƙin iyaye ba ya cire yaro daga lissafi. Ma'aunin jarirai 'yan wata takwas ya fara ne daga kashi 90. Asibitin da ke da jarirai 40 a shekara, in iyalai biyar suka ƙi, ya tsaya a 87.5, ba shi da maki ko ɗaya, ko da nas ta buga wa kowannensu waya sau goma. Asibitocin unguwannin talakawa da na baƙi, inda jama'a ke yawan ƙaura kuma shakkar rigakafi ta fi yawa, su suka fi kokawa. Kuɗin ya tafi inda aikin ya fi sauƙi. Daga baya sai da aka taɓa matakan, aka kuma yi sassauci kan yaran da suka yi rajista a makare.

Na fahimci dalilin hukuma, domin a rigakafi kowane yaro da aka rasa rami ne a katangar kowa. Amma darasin a fili yake: in ka hana togaciya, wanda ke aiki a wuri mafi wuya shi kake hukuntawa.

"Ai likitocin duk wayo suke yi"

An bincika wannan, kuma amsar ba ta yi wa masu zargi daɗi ba. Tim Doran da abokan aikinsa a Jami'ar Manchester sun duba alƙaluman shekarar 2005 zuwa 2006 na asibitocin Ingila. Asibitin da ke tsakiya ya togace kashi 5.3 na majiyyata. Kuɗin da togaciya ta jawo bai wuce kusan kashi 1.5 na kuɗin tsarin ba. Mafi yawan likitoci ba su mai da ƙofar hanyar ci ba.

Amma binciken nan dai ya nuna tazarar ta tashi daga sifili har sama da kashi 28. Ya kuma nuna an fi togacewa a ma'aunan da ke neman sakamako, kamar saukar jini ko suga, fiye da na awo kawai. Masana tattalin arziki da suka duba asibitocin Sikotilan sun ga alamar cewa waɗanda suka gaza kai matakin sama a shekarar farko sun fi ƙara togaciya a ta biyu. Ke nan wayo yana nan, a gefe-gefe, wurin 'yan tsiraru.

Ni dai ina ganin neman ɓarawo ya ɗauke mana hankali daga abin da ya fi girma. Mafi yawan ɓarnar ana yin ta ne bisa ƙa'ida, ba wanda ya karya doka, ba wanda ya yi ƙarya.

Gayyata biyu, kwana bakwai

A tsohon tsari, sai an gayyaci mutum sau uku cikin wata 12 bai zo ba kafin a cire shi. A Afrilun 2019 Ingila ta sake wa abin suna, aka kira shi daidaita kulawa da yanayin mutum, PCA a taƙaice. An yi gyare-gyare masu kyau. An rarrabe dalilai: bai dace da jikinsa ba, shi ya zaɓi ƙi, bai amsa gayyata ba, babu hidimar a yankin, ko sabon shiga ne. An kuma raba ma'aunin suga gida biyu, HbA1c 58 ga masu ƙwari, 75 ga waɗanda raunin tsufa ya kama, don kada a riƙa cire tsofaffi jimla. Wannan ya yi daidai, domin gyara ma'auni ya fi faɗaɗa ƙofa.

Sai dai a gyaran nan ne aka rage gayyata daga uku zuwa biyu, da tazarar aƙalla kwana bakwai. Gwajin bakin mahaifa ne aka bari a uku.

Ga yadda abin ke kasancewa a aikace. Watan Janairu ya kama, manajan asibiti ya buɗe allon da ke nuna inda aka kwana, ya ga ja a hawan jini da asma. A zaɓo duk waɗanda ba a gani ba, a tura musu tes a dunƙule, lambar gayyata ta shiga fayil ɗin kowa. Bayan mako ɗaya a sake turawa. Wanda ya zo, madalla. Wanda bai zo ba ya fita daga lissafi. Ba likitan da ya buɗe fayil ɗinsa, ba wanda ya duba ko lambar wayar tana aiki.

Mu kan ce shiru ma amsa ce. A nan ba amsa ba ce, domin ba mu san ko tambayar ta isa ba. Wa ke cikin waɗannan mutane? Wanda ya canza layi bai sanar ba. Dattijon da ba ya karanta Turanci, saƙon kuma da wata mahaɗar intanet ya zo. Mai aikin dare a rumbun kaya da in ya ɗauki hutun rabin yini ba za a biya shi ba. Matar da ke jinyar mijinta ba ta da mai tsaya mata. Mai ciwon damuwa da buɗe wasiƙa ma ya zame masa dutse. 'Yan uwanmu mazauna can da kan zo gida su yi wata biyu ko uku, ko su tafi Umara, saƙo biyun su shiga layin da ke kashe a cikin akwati. Akwai ma wanda ya amsa, ya kira asibitin da ƙarfe takwas na safe, ya daɗe a layi, aka ce masa babu gurbi sai wani makon, ya haƙura.

Kuma waɗannan ba masu ƙaramin ciwo ba ne. Binciken da Evangelos Kontopantelis da abokansa suka wallafa ya bi fayilolin ɗimbin majiyyata, ya gano cewa tsofaffi, masu cututtuka da yawa a haɗe da mazauna unguwannin talauci sun fi shiga togaciya, kuma waɗanda aka togace sun fi haɗarin mutuwa a shekarar da ta biyo. Ba togaciyar ce ta kashe su ba, da yawansu dama jikin ya yi nisa. Amma hakan ya isa ya nuna mana cewa jerin waɗanda aka cire shi ne jerin masu haɗari.

A ɓangaren taɓin hankali abin ya fi ba ni tsoro. Masu cutar sikizofireniya da makamantanta suna mutuwa shekara 15 zuwa 20 kafin sauran jama'a, kuma galibi ciwon zuciya, suga da huhu ke ɗauke su. Magungunan da suke sha, irin su olanzapine, suna ƙara ƙiba da suga. Shi ya sa aka sa a duba musu abu shida duk shekara: jini, nauyi, suga, kitsen jini, shan taba da shan giya. To rashin amsa saƙo yana cikin alamomin cutar kanta. In aka ce wanda bai amsa tes biyu ba ya fita, an ƙera ƙofa ne daidai girman mutumin da aka kafa ma'aunin dominsa.

"Babba ne, mun kira shi, me kuma za mu yi?"

Wannan ƙorafin likitoci ne, kuma yana da nauyi. Asibitin unguwa ba shi da ma'aikatan bi gida-gida. Nas ɗaya tana riƙe da ɗaruruwan masu suga. Mutum yana da 'yancin ƙin zuwa, kuma ba adalci ba ne a yanke wa asibiti kuɗi saboda abin da ba ya hannunsa.

Na yarda da 'yancin ƙi ɗari bisa ɗari. Amma ƙi yana da siffa. An gaya wa mutum cewa haɗarin bugun zuciyarsa cikin shekara goma ya kai kaza, maganin sitatin, mai rage kitsen jini, zai rage shi da kaza, ga illolin da ka iya biyowa, ya ce a'a. Wannan zaɓi ne, a rubuta shi, a girmama shi, a sake tayar da maganar baɗi domin ra'ayi kan canza. Wanda ba a taɓa jin muryarsa ba bai zaɓi komai ba.

Ban ce a hana asibiti kuɗi a kan kowane mai shiru ba. Cewa na yi kafin shiru ya zama dalili, a nuna an yi neman da ya amsa sunan nema. Bambancin ba shi da tsada kamar yadda ake zato.

A daina jira sai Janairu. Asibitoci da yawa suna kiran kowa a watan haihuwarsa, aikin ya bazu cikin shekara. Dalilin na likitanci ne kafin ya zama na tsari: gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, don haka wanda aka canza wa magani a Fabrairu ba zai nuna cikakken sauyi kafin 31 ga Maris ba. Hawan jini ma kowane canji yana son mako huɗu, kuma sau da yawa sai an yi canji biyu ko uku. Gayyatar da aka makara da ita, ko an amsa ta, ba ta iya kai mutum ga ma'auni. Tana iya samar da lambar cirewa ne kawai.

Gayyata ta biyu kada ta bi hanyar ta farko. In tes ya tafi shiru, a buga waya. In wayar ba ta shiga, a rubuta wasiƙa, a kuma liƙa saƙo a takardar sabunta magani, tunda mai shan magani kullum dole ya bi ta kantin magani duk wata ɗaya ko biyu. Wannan takarda ita ce igiyar da ta fi kowace ƙarfi tsakanin asibiti da majiyyaci, kuma ba a cika jan ta ba. In fayil ya nuna mutum yana buƙatar tafinta, gayyata cikin Turanci zalla bai kamata a ƙirga ta ba.

A haɗa masa komai a zuwa ɗaya. Mai suga da hawan jini da asma in aka kira shi sau uku daban-daban, zai zo ɗaya ya bar biyu, sai ya bayyana a matsayin mai ƙin amsawa a rajista biyu. A ɗebi jini mako ɗaya kafin ganin nas, a yi sauran a zama guda. Awon jini na gida ma ana karɓa, mutum ya auna safe da yamma na kwana bakwai ya turo, a ɗauki matsakaici, sai dai iyakar gida 135/85 ce.

Sannan kada lambar shiru ta hau kan mai haɗari sai likita ko nas sun buɗe fayil da idonsu. Wanda awonsa na ƙarshe ya kai 180, ko HbA1c ɗinsa ya haura 86, ko yana rajistar taɓin hankali, ko ya karɓi abin shaƙar asma na gaggawa fiye da kima a shekara, ba wanda ya kamata ma'aikacin ofis ya cire shi cikin tarin mutum ɗari.

Haka lambar "bai dace ba" ta jimla, wadda ke fitar da mutum daga dukkan ma'aunan cuta lokaci guda, a bar ta ga wanda ke gargarar ajali. Tsohuwar da ba za a matsa wa sugarta ba har yanzu tana buƙatar a duba ƙafarta, domin gyambon da ba a gani ba shi ke kai wa ga yanke ƙafa.

Iyaka ba za ta yi ba

Wasu na cewa a sa iyaka, kada asibiti ya togace fiye da kashi kaza. Ban goyi baya ba. Asibitin da ke kula da gidajen tsofaffi uku dole togaciyarsa ta fi ta asibitin ɗaliban jami'a, kuma duk ta gaskiya ce. Iyaka za ta hukunta na farko, ta kuma ba na biyu izinin cikewa har bakin layi. Yawan togaciya dalilin tambaya ne kawai. Masu duba asibitoci su ɗauko fayil 20 cikin waɗanda aka cire, su karanta, su ga ko akwai bayanin da ya dace da lambar. Fayil ashirin za su faɗi abin da kashi cikin ɗari ba zai faɗa ba.

Masu cewa a soke tsarin gaba ɗaya kuma su duba Sikotilan, wadda ta soke shi a 2016. Binciken da ya biyo baya ya ga yawancin ma'aunan da aka bi sun ja baya a rubuce. Soke lissafi ba ya sa a nemo mai shiru, sai dai a daina sanin yawansu.

Gyaran da na fi so ba ya ma buƙatar sabon kuɗi. NHS tana wallafa alƙaluma biyu ga kowane ma'auni: wanda ake biya da shi bayan an cire waɗanda aka togace, da kuma kashin waɗanda aka yi wa aikin cikin kowa da kowa. A misalinmu na sama, 77 da 70. Na farko na akanta ne. Na biyu shi ke gaya maka mutum nawa ke yawo da jini a sama a unguwar. Shi ya kamata ya zo a gaba a duk rahoton da jama'a za su gani, kuma a fasa togaciyar gida-gida a gefensa: nawa ne jiki ya hana, nawa ne suka ƙi da bakinsu, nawa ne ba a same su ba. Asibiti biyu za su iya cin maki 14 cif, ɗaya ya cire mutum biyar, ɗaya ya cire 40, kuma 35 daga ciki ba wanda ya ji muryarsu.

In kuma hukuma tana son biya, ga inda kuɗi zai yi aiki: a ba da maki kan mutum nawa cikin masu shirun bara aka gani bana. Yawancin lambobin togaciya dama suna mutuwa a ƙarshen shekara, in ban da irin na borin jini da ke dawwama. Ranar 1 ga Afrilu duk waɗannan mutane suna dawowa cikin lissafi. Kwamfuta tana iya fitar da sunayensu cikin minti biyar, a jera su daga wanda awonsa ya fi muni, a ba nas sa'a biyu a mako da waya a gabanta, ta fara daga na sama.